Mai Salansa da Motar da Ba Ta Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara a Kudai, layin makanikai na Makka, ya san Mukhtaru, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, domin muryarsa tana riga shi isa ko'ina. Larabawa suna ce masa Abu Shakman, mu a gida muna ce masa Mai Salansa, duk abu ɗaya ne. Ni Nadiya taubashiyarsa ce, mahaifiyarsa yayar babana ce. Saboda haka duk abin da na faɗa a kansa al'ada ce ta ba ni dama, ba shi da inda zai kai ni ƙara.

A unguwar Jarwal aka haife shi, nan cikin Makka, a wani tsohon gida da yanzu otal ya hau kansa ya zauna. Kakanmu ne ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Bichi, da matarsa da 'ya'ya biyu ƙanana. Suka yi shekaru a hanya, su tsaya su yi noman auduga a Sudan, su sami guzuri su ƙara gaba, har suka ƙetare teku. Babbar cikin yaran nan ita ce Gwaggo Ɗaso, uwar Mukhtaru, wadda har yau tana nan da ranta da haƙoranta na gaba da kaifin bakinta.

Mukhtaru bai yi nisa a makaranta ba. Shi yana cewa ya bar ta ne don ya taimaki gida, mu da muka san zancen mun san makarantar ce ta riga shi gajiya. Aka kai shi wurin wani tsoho ɗan Yaman mai walda, a nan hannunsa ya sami abin da kansa ya ƙi karɓa a aji. Kafin ya yi gemu, direbobin bas-bas na alhazai sun fara tsallake maigidan suna tambayar "yaron nan mai ihu". Da lokacin aikin Hajji ya zo sai ya ɗora tukunyar gas da kayan aiki a bayan akori-kura ya nufi Arfa. Yakan yi mana alfahari cewa babu malamin da ya kai shi yawan halartar Arfa. Gaskiya ne, sai dai mutane tsayuwar Arfa suke yi, shi kuwa yawancin nasa a kwance ya yi su, a ƙarƙashin bas.

Abin da ya fi ba ni dariya a lamarinsa shi ne, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sa motoci su yi shiru, shi kansa ba a taɓa samun wanda ya ɗaura masa salansa ba. In yana gaya wa matarsa Rabi sirri a ɗaki, maƙwabta na hawa na uku sukan aiko da shawara. Yana da ilimin hayaƙi kuma, wanda ba ya jiran a tambaye shi kafin ya karantar. Baƙin hayaƙi, in ji shi, mai motar marowaci ne. Shuɗi, mai motar yana da ciwon da yake ɓoye wa iyalinsa. In ka ce masa ba ka ga haɗin ba, sai ya ce ai shi ya sa kake kawo masa motarka, ba shi yake kai maka tasa ba.

'Ya'ya mata Allah ya fara ba shi, duk sun yi aure. Sai can da aka fara cire rai Rakan ya zo. Yaron bai iya tafiya ba Mukhtaru ya sa aka sauke allon shagon, aka sake rubuta shi da Larabci: Mukhtar da Ɗansa. Rakan ya tashi shiru-shiru kamar uwarsa, ga hannu irin na uban. Daga makaranta sai shago. Da ya gama sakandare ya shiga kwalejin koyon sana'a ya karanta aikin lantarki, uban bai hana ba, don a lissafinsa shago zai sami ɓangare biyu, shi yana ƙarƙashin mota ɗansa yana cikinta. Aibin Rakan ɗaya ne, irin na yaranmu na yanzu: Hausarsa ta cin abinci ce. Ya san tuwo, ya san kunu, ya san "zo nan" da "bari", sauran duk Larabci ne.

Da labari ya fara yawo a waya cewa ana gina masana'antun motocin lantarki da na batir a ƙasar nan, can bakin teku ta wajen Rabig, Mukhtaru ya sami abin hira na wata guda. Ya sa wa motocin suna firji mai taya. Ya ce motar da ba ta hayaƙi ta ina take numfashi? Wata rana kuma irin motar ta biyo bayansa a layin shagonsa yana tafe yana waya, bai ji zuwanta ba sai da direban ya leƙo ya ce masa ya ba da hanya. Ya dawo gida yana huci.

"Munafukar mota! Ko jaki in zai wuce ka yana yin motsi. Wannan ba sallama, ba gyaran murya, sai ka gan ta a ƙeyarka!"

Muka yi ta dariya, har da Rakan. Ashe a lokacin yaron ya riga ya nemi aiki a can, an kira shi an gwada shi, an ɗauke shi a ɓangaren haɗa batir. Uwarsa kaɗai ya gaya wa, ita kuma Rabi ta gaya mini, ni kuma na yi abin da ban saba ba, na riƙe bakina.

Ranar da ya sanar da uban ban je ba, amma ba sai na je ba, don unguwar duka ta ji. Abin da unguwa ba ta ji ba shi ne amsar Rakan, wadda Rabi ta kawo mini. Ya bari uban ya gama, sannan ya ce da Larabci a hankali, "Abuya, ina son aikin nan. Amma ba zan tafi ba sai ka sa min albarka."

Nan fa aka tsaya. Yaro yana da ranar fara aiki, uba ya kulle baki. Rabi ta yi lallashi, ta yi fushi, ta dafa masa dambu, duk a banza. In an matsa masa sai ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na je da kaina na ce masa Rabig ɗin nan jirgin ƙasa yana kai mutum kafin shayi ya huce, ba Sin aka ce za shi ba. Ya ce in je in yi wa mijina wa'azi.

Da ya ga an taru a kansa, sai ya fito da dabara. Ya ce shi ba shi da ta cewa, akwai babba a gidan. Rakan ya je ya roƙi kakarsa, in ta yarda shi ma ya yarda. Ya ƙara da sharaɗi cewa da Hausa zai roƙe ta, tun da tsohuwa ba ta jin Larabci.

Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta, kuma kowa ya sani. Gwaggo Ɗaso takan yi ciniki da masu kayan miya da Larabcin Hijaz har su rantse mata su rage. Sai dai da zarar ta shigo gida Larabcin yakan ɓace mata, musamman in jika ne yake magana. Kuma Mukhtaru ya san ra'ayinta a kan barin Makka. Ita ce ta kori wani mai neman auren ƙanwarsa don kawai ya ce a Riyad za su zauna. Kullum maganarta ita ce mu maƙwabtan Ɗakin Allah ne, ubanta bai taka Sudan da ƙafa don jikokinsa su watse ba. Mukhtaru ya haɗa tarkonsa ya koma gefe yana murmushi. Na ce masa in zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere, ya ce in yi masa shiru.

Na kira Rakan na ce ya zo in koya masa abin da zai faɗa. Ya ce, "La, Ammati," wato a'a gwaggona, "na shirya. Na fassara komai a kaina." Da na ji haka na san ba zan bari wannan zama ya wuce ni ba.

Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, an ci abinci a ɗakin Gwaggo kamar yadda aka saba. Tana zaune a kan katifarta ta jingina da bango, carbi a hannun dama, mafici a hagu, duk da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Mukhtaru ya miƙe ƙafa yana sakace. Rakan ya matso ya durƙusa a gabanta, ya sumbaci kanta, ya gyara murya.

"Sitti," ya ce, haka yaranmu suke kiran kaka, "ina so ki yarda. Ina so in shiga wuta."

Carbin ya tsaya. Gwaggo ta dube shi, ta dube mu.

"Ka shiga me?"

"Wuta, Sitti. Na karanta ta a makaranta. Yanzu sun karɓe ni."

"A'uzu billahi! A Makka? Ranar Juma'a? Wa ya karɓe ka?"

Ni na gane inda aka samu matsala. A Larabci in mutum ya kama fannin lantarki cewa yake ya shiga kaharaba, shi kuma Rakan tun yana yaro yana jin ana cewa an ɗauke wuta, an kawo wuta. Ya haɗa biyu da biyu. Na buɗe baki zan gyara, sai na ga fuskar Mukhtaru, na gane a kansa abin zai ƙare, na fasa. Allah ya yafe mini, na bar yaron ya ci gaba.

"Wuta mai kyau ce, Sitti," in ji Rakan, yana ganin kamar bayani ne bai isa ba. "Sabuwa ce. Babba. Abokaina da yawa sun shiga, suna jin daɗi. Akwai sanyi a ciki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Kuma Abuya ya ce in kin yarda, in shiga."

Gwaggo ta juya gaba ɗaya ta fuskanci ɗanta. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ranar ban ga wanda ya kama ta ba. Maficin ya sauka a kafaɗar Mukhtaru, mutum mai jikoki, ya sake sauka.

"Kai ka ce masa? Ɗan naka guda ɗaya? Don ya ƙi zama ya shaƙi hayaƙi tare da kai, shi ne ka ce ya tafi can?"

"Inna, ki tsaya ki ji! Ba wannan wutar ba!"

"Wuta nawa ce?"

Rabi ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa don dariya. Rakan ya zaro ido yana tambayata da Larabci me ya faɗa. Da na ga maficin zai karye, na matsa na yi wa Gwaggo bayani: wutar lantarki yake nufi, aiki ya samu a inda ake ƙera motocin da ba sa shan mai, sai dai a sa su a caji kamar waya. Ta koma ta zauna tana haki. Ta daɗe tana kallon jikan nata. Sai ga Larabcin da ya ɓata ya dawo, tas da shi, ta shiga jera masa tambayoyi. Aikin halal ne? Akwai masallaci? Wa zai dafa masa abinci? A ina ne wurin?

Ya ce ta wajen Rabig, a bakin teku.

Mukhtaru ya ga dama ta samu, ya yi maza ya sa baki. "Kin ji ko, Inna? Barin Makka zai yi. Ke kika ce mu maƙwabtan Ɗakin Allah ne."

"Na faɗa," in ji ta. "Waccan aure ne za a ɗauke ta a tafi da ita, sai an ga dama a kawo ta. Wannan da ƙafarsa zai je, da ƙafarsa zai dawo. Kai da kake maganar Makka, ka taɓa shigowa Makka?"

"Ni? Ni da aka haifa a Jarwal?"

"Shi na ce. Haihuwarka aka yi a ciki, kamar tsutsa a cikin dabino, ba ka san zaƙin da kake kwance a kai ba. Ni na shigo ta. Ina 'yar yarinya, ƙafata duk faso, ubana yana gaba da farin ƙyalle biyu a jikinsa yana Labbaika yana kuka. Ban taɓa ganin namiji yana kuka ba sai ran nan. Ku kuwa sai ku yi wata ba ku leƙa Ka'aba ba, kuna cewa cunkoso." Ta juya ga Rakan, ta koma Hausa. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jikan matafiya ne kai. Ka tafi. Amma ranar da za ka fara dawowa, ka dawo min da harami."

Rakan ya sake zaro ido. A Larabcin da ya sani, harami ɓarawo ne.

"Sitti, in kawo ɓarawo? Daga ina?"

Sai da na sake shiga tsakani na gaya masa cewa a Hausa harami shi ne fararen ƙyallayen nan biyu na mai umara. Kakarsa tana so ya ɗaura su tun daga can, ya shigo garin da aka haife shi kamar baƙo, ya yi umara. Ya ce ya ji, ya ɗauka.

Reshe ya juye da mujiya. Kowa ya zuba wa Mukhtaru ido, don alkawari ya yi a gaban mutane. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "To, kakarka ta yarda. Sai ka tafi." Ya sa takalmi ya fita.

Hausar Rakan ba ta da yawa, amma ta isa ta gaya masa cewa "sai ka tafi" ba albarka ba ce. Ya zauna ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta dafa shi ta ce ya tafi da tata albarkar, ta uban kuma ya dawo ya karɓa, ba ruɓewa take yi ba. Da haka ya tafi. Mijin yayarsa ne ya kai shi tashar jirgi, uban ya ce yana da bas a kan rami.

Makonnin da suka biyo baya Kudai ta sami hutu, amma ba hutu mai daɗi ba. Rabi ta ce mini in yaron ya kira waya, Mukhtaru yakan tashi ya shiga banɗaki, ya bar ƙofa a buɗe don ya ji. Na gaji da wannan wasan yara, na same shi a shago wata safiya, na ce masa girma ya kama shi amma hankali ya ƙi. Na zaci zai yi mini ihu. Sai ya ajiye abin waldar, ya ɗaga tabaran ya ɗora a goshi.

"Nadiya, ke komai wasa ne a wurinki. Yaron nan ya tafi ƙera abin da zai rufe min shago. In motarsu ta karɓu, wa zai kawo salansa? In na ɗaga hannu na ce Allah ya sa albarka a aikinsa, me na roƙa wa kaina?"

Tausayinsa ya kama ni sosai. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka taurin kai ne kawai, ashe tsoro ne. Mutum ya yi shekara arba'in yana abu ɗaya da ya iya, an zo an ce masa duniya ta kusa daina buƙatarsa, kuma ɗansa na cikinsa yana cikin masu kawo saƙon. Na ce masa motocin mai ba yau za su ƙare ba. Ya ce ya sani, shi ma ba yau zai ƙare ba, amma ya ga inda aka dosa.

Ranar wata Alhamis da hantsi Rabi ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Rakan ya iso tun da safe, ya yi ɗawafi ya yi Safa da Marwa, ya biyo gida ya gaida kakarsa, ya ɗauki injin askin da ke cikin durowa ya fita, kuma har yanzu da haraminsa. Na ɗauko motata, wadda salansarta lafiya lau take, na ce tana wata ƙara, na nufi Kudai.

Na tarar da shi zaune a kan wata tsohuwar taya a bakin shagon, fari fat a tsakiyar baƙin ƙarfe da mai, injin aski a cinyarsa. Duk wanda ya yi umara ya san ba a fita daga harami sai an yi aski ko an rage gashi. Kafin nan ba riga, ba hula, ba turare. Masu aski kuwa suna nan birjik a bakin Marwa, har janyo mutum suke yi. Rakan ya wuce su duka ya zo nan.

Mukhtaru yana ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Ya walad! Kai yaro, na ce ka je wurin mai aski!" in ji ƙafafun.

"Kai za ka yi min, Abuya."

"Ni mai walda ne, ba wanzami ba!"

"Zan jira."

Mai motar da ake gyarawa wani ɗalibi ne daga Zariya, Malam Hudaifa, yana karatun fiƙihu a jami'a. Ya ga abin ya yi masa yawa, ya matso da ladabi ya ce wa Rakan ai ya halatta kowa ya yi masa, har shi da kansa zai iya rage gashin ya fita. Rakan ya yi masa godiya ya ce ya sani. Malam Hudaifa ya dube ni, na yi masa alama da ido, ya koma ya zauna. Yaron kirki ne, ya gane ba fatawa aka rasa ba.

Rana ta ɗaga. Wanda bai san ranar Makka ba ba zai gane abin da nake nufi ba, kuma inuwar shagon ba ta kai inda tayar take. Makanikan layin suka fara taruwa. Wannan ya ce, "Abu Shakman, ka sami alhaji a shago, sai ka yanka rago." Wancan ya kawo wa yaron ruwa. Wani ya kawo kwali zai riƙa masa a ka, Rakan ya ce a bar shi. Gumi yana bin wuyansa yana sauka a kafaɗa, bai motsa ba. Ni dai ina cikin mota na kunna sanyi na sauke gilashi kaɗan, kada wani abu ya wuce ni.

Mukhtaru ya fito daga ƙarƙashin motar ya kunna wutar walda. Tartsatsi ya fara tashi. Ya saci kallon kafaɗar yaron da ke waje ba riga, ya kashe. Ya ce masa ya matsa. Rakan ya matsa da tayarsa kamar taku ɗaya. Ya sake kunnawa, ya sake kashewa. Ya jefar da abin ya ce yau an hana shi neman abinci.

Aka kira azahar. Suka tafi masallacin layin tare, uba a gaba ɗa a baya. Na ce a raina in sun dawo aka ci gaba da wannan, zan fito in yi wa Mukhtaru abin da uwarsa ta yi masa da mafici. Suka dawo. Rakan ya koma kan tayarsa. Mukhtaru ya tsaya a kansa yana kallon tsakiyar kan da rana ta gasa, ya daɗe a haka.

Sai ya juya ya nufi famfo. Ya ɗauki sabulun da yake wanke hannu da shi, ya shinshina, ya ajiye, ya aika maƙwabcinsa ya samo masa marar ƙamshi, don mai harami ba a taɓa shi da turare. Ya wanke hannun nan ya sake wankewa, har ƙarƙashin farce, abin da Rabi ta yi shekaru tana roƙo bai yi ba. Ya ja tayar da yaron a kanta zuwa inuwa. Ya karɓi injin.

Makanikai suka matso. Na fito daga mota.

Ya ɗora hannun hagu a kan ɗansa don ya daidaita shi, ya ce bismillah, ya fara daga dama. Gashi yana zuba a kan farin ƙyalle. Ya yi rabin kai yana gunaguni cewa injin ba shi da kaifi. Da ya zo ƙeya sai ya kashe injin, amma bai ɗauke hannun ba. Na ga yatsunsa suna shafa inda ya aske.

"Kai Rakan."

"Na'am, Abuya."

"Aikin naku, kana iya shi?"

"Ina iyawa. Sun ce hannuna yana da kyau."

"To ai dole." Ya ƙara dafa kan yaron. "Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa albarka a abin da hannun nan yake ƙerawa. Ya karɓu, ya cika titi, ko da shi ne zai rufe wannan ƙofar."

Rakan ya ce amin. Makanikai suka ce amin. Ni da na zo da guzurin tsokana cike da baki, na nemi ko ɗaya na rasa, sai hawaye, na ja mayafi na rufe fuska. Na san abin da addu'ar nan ta ci masa, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar na wannan rana ba.

Ya kunna injin ya ƙarasa askin, ya karkaɗe gashin daga kafaɗar yaron da tafin hannunsa.

"Tashi ka je ka sa riga, ka ci abinci," ya ce. "Ran Asabar ƙarfe nawa ne jirgin naka? Kada ka kira kowa, ni zan kai ka."